Wankin Suna

Ran da aka miƙo mini takardar shaida
na naɗe ta cikin leda biyu saboda zufa,
na hau kabu-kabu zuwa Garin Malam
ina rungume da ita
kamar mai ɗauke da ƙwai daga Kasuwar Dole.

Iya Habsu na bakin murhu.
Ta goge hannu da zane, ta karɓe ta a juye,
ta daɗe tana duban hatimin.
"Cima, wannan ta wane aiki ce?
Allura za ki riƙe, ko alli?"
Na ce, "Hulɗa da jama'a, Iya."
Ta ce, "Da can da wa kike hulɗa, da aljannu?"

Na so in warware mata wata goma sha takwas:
darasin dare, bayan na rufe taga ta uku
inda nake karɓar kuɗin famfo,
wuta ta ɗauke, mu haska littafi da salula,
Mushe Mutari na ƙwanƙwasa tebur da zobe:
"Kada ku ce babu, ku ce ana ƙoƙari.
Kalma kamar gishiri ce, a auna ta."
Jaka ɗari da tamanin na biya, guntu-guntu,
har kwasar adashen da na yi wa burin firiji.

Sai na gajarta mata.
"In sunan ma'aikata ya yi dauɗa, ni ke wankewa."
Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Wanki? A Damagaram? Da wane ruwa?"

Ba a yi mako uku ba babban inji ya tsaya.
Bazara ce, duwatsun Birni na huci,
ƙadangare ma ɗage ƙafa yake.
Darekta ya turo mini layi huɗu:
ɗan gyara ne, gobe ko jibi.
Ni kuwa na ga wasiƙar masu gyara da idona.
Kwana goma sha biyu, in hanya ta yi kyau.

Kan hanyar gidan rediyo na ƙirga jarkoki,
rawaya, rawaya, ɗaure da igiya ɗaya,
na kai ɗari da bakwai na daina.
Lawali ɗan garuwa ya ƙi haɗa ido da ni,
abin dala biyar ya koma dala talatin.
Wata mai jego na wanke jariri da kofin shayi.

Jar fitila ta kama.
Na san rediyon Iya na rataye a ƙusar kicin.
Na dubi layi huɗun nan,
na kife su.

Na ce, "Jama'ar Damagaram, ba gobe ba ne.
Kwana goma sha biyu ne, ku yi tsimi.
Mun ga alama tun sanyi, muka yi jinkiri.
Tanka za ta je Kara-Kara Talata, Zango Laraba.
In ba ta zo ba, sunana Cima,
taga ta uku, ku zo ku faɗa mini."

Suka kuwa zo.
Na sha zagi iri-iri, har da wanda ban taɓa ji ba.
Wani tsoho ya zage ni tsaf,
sannan ya ce, "Amma kin sa na cika randa."
Darekta ya yi kwana tara bai amsa gaisuwata ba.
Mushe Mutari ya aiko saƙo: "Gishirin ya yi yawa."
Can da dare ya ƙara: "Ya dai ciwu."

Takardar na bango yanzu, ta ɗan karkace,
ƙusar ba ta shiga da kyau ba.
Daren kwana na takwas na dawo murya a dishe,
Iya ta karkata tulu har bakinsa ya taɓa ƙasa,
ta tace abin da ya saura da gefen mayafi,
rabin moɗa.
"Sha," ta ce. "Gobe ma da bakin za ki fita."